Agara

Takalmin farko na gwanjo ne, daga Katangowa,
lamba arba'in da uku,
mai shi na dā ya cinye diddigen ta gefen hagu.
Na zura ƙafa a sawun mutumin da ban sani ba.

Likita ce ta ce hawan jini.
Ta ce, Malam Sallau, shekara arba'in da shida
kana zaune gaban keken ɗinki,
ƙafa ɗaya kaɗai ke raye a jikinka.

Sai na fara. Bayan Asuba, daga Obalande,
kafin danfo su farka su hau zagin juna,
kafin mai ƙosai ta hura wuta a ƙarƙashin gada.
Ranar farko turakun fitila bakwai na ƙirga,
na rungume na takwas ina tari kamar tsohon janareto.
Wani kwandasta ya leƙo: Aboki, wa ya koro ka?
Ba kowa.
Wannan ne ya fi wuyar bayani.
A gidanmu ba a gudu sai da dalili,
gobara, ko kare, ko mai bin bashi.
Ana cewa ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba;
ni ba abin da ya zo, na tashi.

Wata takwas, na iya gadar Ikoyi sau biyu ba tsayawa.
Na san warin ruwan nan, gishiri da dizal,
na san masuncin da ke jefa birgi a ƙasanmu
bai taɓa ɗaga kai ba.
Na san Baba Rotimi da rediyonsa a aljihu,
shekara saba'in, yana wuce ni yana cewa sannu.

Rami ne, kusa da Falomo, ruwan sama ya rufe bakinsa.
Na ji ƙarar kafin in ji zafin:
tas,
kamar zare ya tsinke a ƙarƙashin allura
ana tsakiyar ɗinkin Sallah.

A Igbobi suka ce agara ce. Suka ɗinke ni.
Na duba aikin da idon tela, ba laifi,
sai dai ni da na ƙara matse bakin.
Tabawa ta ɗora takalman saman wadirob,
bayan tukwanen da ba a taɓa girki da su ba,
ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.
Iro yaron shago ya gaji kujerata.
Ina jin kekena a ƙafar wani
yana yi mini baƙon kiɗa.

Wata goma sha ɗaya.
Sista Bimpe ta tsayar da ni bakin matattakala:
ɗage bisa yatsu, sauko, a hankali.
Tana ƙirga mini da Hausar da ta tsinta a Agege,
daya, biyu, uku, udu.
Ƙato da gemu yana koyon ɗage
kamar yaro mai son leƙa taga.

Yau na sa kujera na sauko da su da kaina.
Gizo-gizo ya kama haya a na dama.
Tabawa tana kwance, ido a rufe,
ta ce, ka ɗauki wayarka.

Ba gada. Layinmu kawai, zuwa masallacin kwana.
Ƙafar tana taka ƙasa kamar mai gaida surukai,
kowane taku tana tambaya, in zo?
Tsoro ya fi tabon kauri.
Turke ɗaya. Biyu.
A na biyar na ji numfashina ya dawo wurin zamansa.
A na tara na tsaya, ba don na gaji ba,
Sista ta ce tara.

Mai ƙosai ta dube ni ta cikin hayaƙi.
Ta ce, kwana biyu.
Na ce, na je ɗinki.